Kafin mu tsallaka iyaka neman gashin ƙashi: wa ke aiki a bayan allon asibitin?

A kasuwannin bakin iyaka irin su Illela da Ƙonni da Jibiya da Maigatari, da wuya mako ya wuce ba a ji labarin wani da ɓarin jikinsa ya shanye ba, ko direban da ya yi hatsari a hanya, ko ɗan dakon da ciwon baya ya kwantar. Bayan an sallame su daga asibiti, akan ce wa 'yan uwa su kai su gashin ƙashi, wato wajen likitan fisiyo, wanda a Nijar da Benin ake kira kine. Daga nan ne ake fara tambayar ina ya fi sauƙi, Maraɗi ko Katsina, Sakkwato ko Ƙonni. Farashi muke yawan tambaya, mu bar abin da ya fi shi nauyi: wane karatu mutumin da zai taɓa majinyacin ya yi, kuma wa ya ba shi izinin aiki.

A Nijeriya wannan sana'a ta faro ne a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, inda Turawan Ingila biyu suka fara horar da mataimaka. Jami'ar Ibadan ta buɗe digiri a fannin a 1966. Arewa ta jira har ƙarshen shekarun 1980 kafin a buɗe makaranta a Kano, wadda aka haɗa da Jami'ar Bayero da asibitin ƙashi na Dala, daga baya Jami'ar Maiduguri ta bi sahu. Mafi yawan waɗanda ke aiki yanzu sun yi shekara 5 a jami'a, sannan shekara 1 ta sanin makamar aiki a babban asibiti a ƙarƙashin manya, kafin bautar ƙasa. A watan Janairun 2025 Hukumar Kula da Jami'o'i ta sanar da mayar da karatun shekara 6, da digirin da ke ɗauke da sunan dakta. Akwai kuma hukumar MRTB da dokar soja ta 38 ta 1988 ta kafa, wadda ke yi musu rajista, ta ba su lasisin da ake sabuntawa duk shekara.

A ƙasashen renon Faransa tsarin daban ne. Ɗalibi kan shiga karatun kine bayan ya ci jarrabawar bakaloriya, ya yi shekara 3 ya karɓi takardar shaida. Makarantar ma'aikatan lafiya ta ENAM da ke Lome ta daɗe tana karɓar ɗalibai daga ƙasashe maƙwabta, har da masu koyon ƙera ƙafar roba da takalman gyaran ƙafa. Benin ta buɗe tata makarantar a Kwatano wajajen 2000 da taimakon Beljiyam. Ghana kuwa ta soma digirinta a farkon shekarun 2000, kuma tun 2013 wata majalisa ta musamman ce ke bayar da lasisi.

Kada wani ya ɗauka mai shekara 3 jabu ne, mai shekara 5 kuma gwani. Shi ma kine ya karanci tsarin jiki da jijiyoyi, ya yi aiki a gefen gadon majinyata, kuma akwai waɗanda suka shekara 20 suna wannan aiki. Bambancin da ya dame mu shi ne tsakanin waɗannan biyu da rukuni na uku: yaron da ya yi watanni yana riƙe wa maigida kaya, ya ga yadda ake kunna fitilar gashi, ya sayi na'ura a kasuwa, ya kama shago ya kafa allo. Mu 'yan kasuwa mun saba yaro ya koyi ciniki a gaban ubangidansa har a yaye shi, shi ya sa wannan ba ya ba mu mamaki. To amma buhun masara in an yi kuskuren awo ana sake aunawa, jijiyar mutum fa?

Kafaɗar wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba ta da tsokar da ke riƙe ta, in aka riƙa fizgar hannun da sunan motsa jini sai ta goce, ciwo ya ƙaru a kan na da. Mai ciwon sukari da ƙafarsa ta daina jin zafi, in aka gasa ta sai ta ƙone bai sani ba, gyambo ya biyo baya. Ƙafar da ta kumbura bayan doguwar kwanciya na iya ɗauke da gudan jini, tausa mai ƙarfi kan tura shi zuwa huhu. Wanda ya yi karatu yakan fara da auna hawan jini, ya nemi takardar likita da hoton ƙashi, wani lokaci ma ya ce ba zai taɓa ba sai an koma asibiti. Irin wannan ƙin taɓawa mu a wurinmu alama ce mai kyau. Masu ɗori ma suna da matsayinsu a garuruwanmu, sai dai likitocin ƙashi sun sha kokawa kan yaran da aka ɗaure wa karaya tamau har hannu ya ruɓe aka yanke.

Ko a ingantaccen asibiti ba kowa ne likitan fisiyo ba. Akwai mataimaka masu difloma da ke aiki a ƙarƙashinsa, akwai masu ƙera ƙafar roba, akwai masu koya wa majinyaci magana ko cin abinci da hannunsa. Matsalar ita ce ƙwararrun sun taru a manyan birane, wasu kuma sun tafi Ingila da Kanada da Saudiyya. Saboda haka akan samu wurin da sunan ƙwararre ke jikin allo, amma shi yana leƙowa ne jefi-jefi, mataimaki ke komai. Ba rashin kunya ba ne a nemi ganin lasisin bana, a tambayi wa zai duba majinyaci ranar farko, wa zai rubuta tsarin aikin, kuma bayan zuwa nawa za a sake auna ci gaba.

Batun iyaka ma yana cikin lissafi. Gashin ƙashi ba allura ɗaya ba ce, aiki ne na makonni ko watanni. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakar Nijeriya da Nijar har zuwa Maris 2024, duk wanda ya dogara da zuwa ƙetare sau biyu a mako ya ga ta kansa. Don haka wanda ya cancanci kuɗinmu shi ne wanda zai koya wa 'yan gida yadda za su juya majinyaci da motsa masa gaɓɓai, ya kuma rubuta takardar da abokin aikinsa na ɗaya ɓangaren zai iya ɗorawa a kai.

Masu son 'ya'yansu su shiga wannan fanni su ma su lura: lasisi ba ya tsallaka iyaka kamar kaya. Wanda ya gama a Lome ko Kwatano ba zai yi aiki a Kano bisa doka ba sai MRTB ta tantance takardunsa ta yi masa rajista, haka wanda ya gama a Bayero zai nemi izinin ma'aikatar lafiya a Yamai. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 kuwa ta raba ƙasashen biyu da inuwar da a da ake tattauna daidaita manhajojin karatun lafiya a ƙarƙashinta.