A Tsayar Da Ranar Garambawul Tun Kafin Inji Ya Tsaya

Duk mai injin niƙa a unguwa ya san akwai ranar da zai kashe injinsa, ya juye baƙin mai, ya duba bel, ko da kuwa mata sun yi layi da ƙoren hatsi. Abin takaici shi ne wannan ƙa'ida da talaka ya riƙe da kyau, ita ce manyan masana'antunmu suka yi wa riƙon sakainar kashi.

Mu ɗauki matatar mai ta Kaduna. Kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ne ya gina ta, aka buɗe ta a 1980, daga baya aka faɗaɗa ta har ta iya tace ganga 110,000 a kowace rana. Bisa ƙa'ida, kamata ya yi kimanin kowace shekara biyu a tsayar da ita, a buɗe tukwane da bututu, a kankare tsatsa, a sauya abin da ya gaji. Amma sai aka riƙa ɗage wannan aiki, yau a ce babu kuɗi, gobe a ce ana bukatar mai a kasuwa. Lissafin da NNPC ta fitar ya nuna cewa a 2018 matatar ba ta shigo da ko kwabo ba, alhali ana biyan albashi. A 2021 sai da gwamnatin tarayya ta amince da kashe fiye da dala miliyan 580 don farfaɗo da ita. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa.

Masu ɗage gyara suna da hujja: in aka tsayar da inji wata guda, an yi asarar cinikin wata guda. Gaskiya ne. Sai dai tsayawar da aka shirya an san ranar farawa da ranar gamawa, kaya suna ajiye, ma'aikata suna jira. Tsayawar ba-zata kuwa ba ta da wa'adi, don sai an nemo abin da ya lalace, sannan a aika ƙasar waje, a zauna jiran jirgin ruwa. Kafin nan ƙarfen da ya karye ya riga ya ɓata na kusa da shi.

A ganinmu abu uku ne suka wajaba a kan kowace masana'anta, babba ko ƙarama. Na farko, kowane inji ya sami littafinsa, inda za a rubuta awoyin da ya yi yana aiki da duk gyaran da aka yi masa. Na biyu, a sayo kayan gyara watanni kafin ranar, kuma a ware kuɗinsu a kasafin shekara yadda ba mai ikon karkatar da su. Na uku, injiniyoyi ne za su tsayar da ranar garambawul, kuma duk shugaban da ya ɗage ta ya rubuta dalilinsa, ya sa hannu, don a san wanda za a tambaya in ta ɓaci.

Dukiyar nan ta jama'a ce, kuma in inji ya mutu, magidanta ne ke komawa gida hannu rabbana. Allah ya sa masu riƙe da amanar nan su ji.