Ɗinkin Wanda Ba Ya Nan: Manhajar Hausa da Wayar Mutumin Hunkuyi

Telan da aka kawo wa yadi aka ce ya ɗinka wa wanda ba ya nan, ba ya auna jikinsa ya yanka. Awon mai rigar yake nema. To, haka sha'anin gina manhaja yake, kuma a nan ne masu son yi wa harshen Hausa hidima ta hanyar na'ura suke yawan yin tuntuɓe.

Shirin da mutum ya rubuta, na'ura ba ta jinsa sai wata manhaja ta yi tafinta, ta mayar da shi yaren injinta. Yawancin kwamfutoci suna aiki da ƙwaƙwalwar Intel ko AMD, bisa tsarin Windows ko Linux. Yawancin wayoyi kuwa ƙwaƙwalwar ARM gare su, bisa tsarin Android wanda ya fito a 2008. Abin da aka fassara wa waccan, wannan ba ta karanta shi. Saboda haka aka ƙago dabarar da za a iya kira fassarar tsallake, watau a zauna gaban kwamfuta a umurci tafinta ya fitar da shiri da yaren wata na'ura dabam. Kayan yin wannan aiki ba su da tsada, domin akwai irin su GCC, wanda ya fito tun 1987, kuma kyauta ne.

A Hunkuyi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kudan, da ƙauyukan Makarfi da Ikara, manomin rake ko tumatir ba kwamfuta yake ɗauka zuwa fadama ba. Waya ce mai araha a aljihunsa. Idan ɗalibai a Zariya suka haɗa ƙamus ko jagorar noma da Hausa, suka fitar da ita don Windows kaɗai, to sun yi shuka a idon makwarwa. Ko a cikin Android ɗin ma akwai rarrabuwa. Tun 2019 Google ta wajabta wa masu kai manhaja kasuwarta su tanadi sigar bit 64, alhali da yawa daga ƙananan wayoyi bit 32 suke ji. Wanda ya fitar da sabuwar siga ya manta da tsohuwa, talaka ya rufe wa ƙofa.

Wani zai ce a sa komai a intanet mana, kowace waya ta buɗe. Maganar tana da hujja, amma karatu a intanet yana cin kuɗin data, kuma yana bukatar sabis. Manhajar da aka sauke sau ɗaya kuwa, ana iya tura ta daga waya zuwa waya a majalisa, ta yi aiki ko a tsakiyar gona.

Sai dai fassarar tsallake tana da tarko. Shirin da aka fitar ba ya tashi kai tsaye a kan na'urar da ta haife shi, don haka aibinsa yakan ɓuya. Babban aibin da ya shafi wannan sashe shi ne haruffa masu lanƙwasa. Idan rubutun wayar ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, sai akwatuna su fito a gurbinsu, ko kuwa maginin ya gaji ya shafe lanƙwasar. Nan take ƙara ta koma kara, ƙasa ta koma kasa, baƙi ya koma baki. Masanin kwamfuta bai cika lura da wannan ba, amma ɗalibin Hausa ba zai wuce shi ba.

Ashe ke nan wajibi ne sashen Hausa ya shiga aikin tun daga farko. A cusa rubutu mai cikakkun haruffa cikin manhajar, a fitar da ita ga tsohuwar waya da sabuwa, sannan a ɗauke ta a kai Hunkuyi, a miƙa wa manomi ya gwada a wayarsa kafin a ce an gama.