Kowa Ya Sare Itace Ya Sare Takin Gonarsa

'Yan'uwanmu mazauna Kudu, musamman mutanen Adamawa da ke neman abinci a Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, akwai wata magana da ya kamata mu zauna mu duba ta da idon basira. Kowace shekara in damina ta gabato, saƙon da ke zuwa daga Yola da Jimeta da ƙauyukan da ke kewaye da su ɗaya ne, wato a aiko da kuɗin taki, gona ta gaji. Ana aikawa kuwa, amma ba safai muke tambayar abin da ya gajiyar da ƙasar ba. A ganinmu, babban rabo na amsar yana cikin gumaguman katako da buhunan gawayi da muke gani ana saukewa daga manyan motoci a garuruwan da muke zaune, domin duk itacen da aka kayar, an kayar da takin da yake zubarwa kyauta kowace shekara.

Bari mu fara da yadda daji ke ciyar da kansa. Itace yakan tura saiwarsa can ƙarƙashin ƙasa, inda saiwar dawa ko masara ba ta kai wa, ya jawo sinadarai ya kai su ga ganye. In ganyen ya tsufa ya faɗi, sai gara da tana da waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su yi ta cinsa har ya ruɓe ya koma baƙar ƙasa, sa'an nan ƙananan saiwoyi na sama su sake tsotse abin da ya saki. Sinadaran nan kuwa su ne ainihin waɗanda ake sayar mana a buhun NPK, wato naitirojin da fosfaras da fotashiyam. Banda wannan, shimfiɗar ganye tana tare ƙarfin ɗigon ruwan sama, tana hana rana ƙone ƙasa, tana kuma sa ruwa ya nitse maimakon ya gudu.

Masana sun auna wannan abu tun da daɗewa. A 1961 wani masanin ƙasa mai suna Peter Nye ya buga sakamakon awon da ya yi a wani tsohon kurmi a Kade ta ƙasar Gana. Ya tarar kowace hekta tana samun tan 10 da rabi na tarkacen ganye da ƙirare a shekara, ɗauke da kimanin kilo 200 na naitirojin. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 ne na wannan sinadari. Ashe ke nan kurmin yana zuba wa kansa abin da ya kusa buhu 9 na yuriya a kowace hekta, shekara da shekara, ba tare da an biya ko anini ba. Gaskiya ne dajin da ke kewaye da Yola bai kai kurmin Gana duhu ba, kuma ruwan samanmu bai kai nasu ba, saboda haka ganyen da ke zuba ya fi kaɗan. Amma wannan shi ne ma ya sa kowane ganye ya fi daraja a wurinmu.

To, mene ne bambancin dajin da aka shiga da zarto da wanda ba a taɓa ba? A dajin da ba a taɓa ba, abin da ƙasa ta bayar yana komawa gare ta, hasarar kaɗan ce. In aka sare manyan itatuwa kuwa, hasara takan shigo ta ƙofa uku. Da farko, sinadaran da ke cikin gungume da ɓawonsa sun hau mota sun tafi ke nan. Na biyu, rana takan sauka kai tsaye, ganyen da ya rage ya bushe ƙamas, ruɓewa ta tsaya, wuta kuma ta sami abin ci. Na uku, inda aka ja gumagumai da inda motoci suka taka, ƙasa takan danƙare ta zama fako, ruwa ya bi nan ya yanka kwari. Waɗanda ke zaune a Badun sun san cibiyar binciken noma ta IITA, wadda aka kafa a 1967. A nan ne Rattan Lal da abokan aikinsa suka gwada share daji da hannu da share shi da katafila, suka nuna cewa zaizayar ƙasa ta fi tsanani nesa ba kusa ba inda inji ya kankare ganye da saiwa.

Mun ga wannan da idonmu a kan itacen madobiya, wanda 'yan kasuwa ke kira madrid. Daga wajen 2013 masu saye daga ƙasar Sin suka buɗe masa kasuwa, aka bi shi da sara daga Kogi zuwa Taraba har cikin Adamawa, ana loda shi zuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko. A 2017 wata ƙungiyar binciken muhalli mai suna EIA ta ba da rahoton cewa gumagumai miliyan 1.4, waɗanda kuɗinsu ya kai dala miliyan 300, sun shiga Sin daga Nijeriya ta hanyar da ba ta dace ba. Tun a 2016 aka sa itacen ƙarƙashin tsaron yarjejeniyar duniya ta CITES, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya. Har gandun Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, wanda kuma ya fi kowane gandun ƙasa girma a Nijeriya, ya shimfiɗu daga Taraba har Toungo ta Adamawa, bai tsira daga masu zarto ba. Madobiya kuwa dangin wake ce, tana cikin itatuwan da ke ɗauko naitirojin daga iska su sa a ƙasa, ganyenta kuma shi ne abincin shanu lokacin bazara. An sayar da gungumen sau ɗaya, an kuma yi hasarar takin da kiwon shekaru masu yawa.

Abin da masu katako suka bari, gawayi da wuta suna ƙarasawa. Jimeta ta bunƙasa tun da Yola ta zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976, kuma yawancin tukwanenta da itace da gawayi ake ɗora su. Ƙirya da marke, har da kaɗanya da ɗorawa waɗanda iyayenmu ba sa taɓawa, duk suna shiga ramin gawayi. In hunturu ya shigo kuma, sai a cinna wa daji wuta saboda farautar gafiya ko neman sabon tsiro. Waɗansu suna cewa ai toka taki ce. Lalle akwai ɗan amfani a toka, amma naitirojin yakan tashi ne cikin hayaƙi, tokar kuma iska ta kwashe wata, ruwan farko ya wanke saura. Ƙasar da ta sauko daga duwatsun Verre da na Bagale, ƙarshenta cikin rafuka da Kogin Binuwai ne. Kowa ya san rawar da ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ya taka a ambaliyar 2012 da ta 2022, amma kogin da yashi da laka suka cike cikinsa ya fi saurin tumbatsa.

Wani zai ce, talaka da me zai dafa tuwo, alhali iskar gas da kananzir sun fi ƙarfinsa? Saurayin da ba shi da aiki kuma me zai ci in an hana shi sara? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma dokar da ta ƙi kula da ita ba za ta yi aiki ba. Abin da muke nema shi ne sara bisa tsari, kuma akwai inda aka gwada aka ga amfani. A ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, daga 1983, manoma suka koma barin tohon kututture ya girma a cikin gona, suna sassabe rassa kaɗan suna barin masu ƙarfi. An ƙiyasta cewa ta haka aka raya itatuwa wajen miliyan 200 a hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram. Suna samun itacen girki daga rassan, gonar kuma tana samun ganye. Da yawa daga itatuwan gawo ne, wanda ke zubar da ganyensa da damina daidai lokacin da shuka ke bukata. In ƙasar da ta fi tamu ƙarancin ruwa ta iya, ba mu da hujja.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Adamawa da ta ƙarfafa ma'aikatan gandun daji, ta sake shata iyakokin gandaye, kuma duk wanda aka ba izinin sara a tilasta masa barin rassa da ganye da ɓawo a inda itacen ya faɗi. Muna roƙon hakimai da dagatai da arɗo-arɗo su tsaya kan hana ƙona daji. Masanan gandun daji na Jami'ar Modibbo Adama kuma su auna ganyen da ke zuba a dajin da aka sara da wanda ba a sara ba, su faɗa wa manoma sakamakon da Hausa da Fulatanci.

Ku kuma 'yan'uwa na Kudu, maganarku tana da nauyi a gida, domin ku ne masu aike. In za ku aika da kuɗin taki, ku haɗa da sharaɗin a bar toho ya tashi, kada kuma a ƙone karan gona. Ƙungiyoyinku na 'yan gari ɗaya, waɗanda suka saba tara kuɗin gina aji da haƙa rijiya, suna iya ɗaukar nauyin lambun renon itatuwa a ƙauyukansu. Masu fataucin katako da gawayi a cikinku kuwa su riƙa tambayar inda kayan suka fito. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mu dai mun bincika, ba mu ga kasuwar da za ta biya mu kuɗin ƙasar da muka yi hasara ba, kuma gonar nan ita ce za mu koma wa ran da ƙarfi ya ƙare.