Mu Koya wa Ƙannenmu Waƙar da Za Su Gane

 Ina so in yi magana a kan wani abu da mutane da yawa suke ɗauka wasan yara ne, watau 'yan waƙoƙin addini da ake koya wa ƙanana. Maganar ta fi shafar gidajen Kirista na nan Takur da sauran unguwannin Dutse, amma na tabbata 'yan'uwanmu Musulmi ba za su ji ta baƙuwa ba. Kowa ya san yadda Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta riƙa tsara waƙoƙi, jajjinta suna kai su ƙauyuka suna karantar da mata da su. Ashe tun tuni mutanen ƙasar nan suka gane cewa abin da aka rera ya fi zama a zuciya bisa abin da aka faɗa kawai.

Ra'ayina shi ne, yaron da bai kai shekara goma ba ya fi samun bangaskiya daga gajeriyar waƙa wadda yake jin ma'anarta, bisa doguwar huɗuba. Kuma wurin koyar da ita na farko shi ne gida, a bakin uwa da uba da yayye.

Bari mu fara duba halin da ake ciki. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 aka mai da Dutse babban birninta, ma'aikata da 'yan kasuwa suka taru daga wurare dabam-dabam. Saboda haka a makarantar Lahadi guda za ka tarar da yara masu harsuna iri-iri. Don neman sauƙi, sai malamai da yawa suka karkata ga waƙoƙin Turanci da ake ji a waya. Yara suna tsalle suna tafi, abin gwanin sha'awa. Amma ka ja ɗan shekara shida gefe ka tambaye shi abin da ya rera yanzun nan, sau da yawa sai ya yi maka murmushi kawai. Ya riƙe sauti, ma'ana ta wuce shi. Alhali kuwa yaron nan, ko wane harshe ake yi a gidansu, da Hausa yake wasa a ƙofar gida, da ita kuma ake aikensa sayen gishiri.

Waɗanda suka riga mu ba haka suka yi ba. Likita Mila na Wusasa da abokan aikinsa sun sha wahala har aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, aka kuma sake sabuwar fassara a 1979. Mishan ta SIM, wadda ikkilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta yi aiki a Roni da Garun Gabas, duk a cikin ƙasar da ta zama Jigawa, kuma da Hausa aka koyar da mutane. Littafin Waƙoƙi na Hausa yana nan a gidaje da yawa. To, idan kakanninmu sun yi yabo da harshen da suke mafarki da shi, don me za mu hana jikokinsu?

Littafi Mai Tsarki kansa ya nuna mana hanya. A sura ta 31 ta Maimaitawar Shari'a, da mutuwar Musa ta kusa, Allah ya umarce shi ya rubuta waƙa ya koya wa Isra'ilawa, domin ko sun kauce hanya, waƙar ba za ta ɓace daga bakin zuriyarsu ba. Cikin Zabura 150 da muke da su, ta 117 aya biyu ce tak, saboda haka gajarta ba aibu ba ce. Ta 136 kuwa tana da aya 26, kowace aya tana ƙarewa da amshi iri ɗaya, kamar dai yadda 'yan mata suke gaɗa a dandali, ɗaya tana bayarwa saura suna amsawa. Ko a Ingila, wani malamin addini mai suna Isaac Watts ya ga waƙoƙin manya sun fi ƙarfin yara, ya wallafa musu ɗan littafin waƙoƙinsu na kansu tun a 1715.

Wace waƙa ce ta dace da yaro? A ganina, wadda ba ta wuce layi huɗu ba, tana ɗauke da magana guda ɗaya, misali cewa Allah ne ya halicce shi, ko Yesu yana ƙaunar yara, ko ƙarya ba ta da kyau. Ta kasance tana da amshi, domin wanda bai iya karatu ba tukuna ya samu wurin shiga. Kalmominta su zama irin na yau da kullum. A nan ne wasu tsofaffin waƙoƙin da aka fassara suke ba yara wuya, don an ɗora kalmomin Hausa a kan karin waƙar Turawa, har a ja gaɓar da take gajera, a gajarce mai tsawo, kalma ta canja kama. Iyayenmu na Zumuntar Mata sun daɗe da maganin wannan. Da tulu da gora da tafi suke tsara waƙoƙinsu a kan kari irin namu, shi ya sa yaron da ke goye ma yakan taso da su a baki.

Na san akwai masu cewa waƙa shagali ce, haddar aya ita ce karatu. Ni ban ce a bar hadda ba. Amma ku gwada ku gani: ayar da aka sa wa murya, yaro kan kama ta cikin kwana biyu, ya riƙa rera ta yana wanka ba wanda ya sa shi. Wasu kuma suna cewa waƙar Turanci tana taimakon yaro a makaranta. Gaskiya ne, kuma ba laifi a koya masa ita, muddin an zauna an fassara masa layi-layi. Sai dai mu tuna, yana da kwana biyar a mako na koyon Turanci a aji. Ɗan lokacin da aka keɓe don sanin Allah bai kamata a mai da shi darasin harshe ba.

Yanzu ga roƙona gare ku, iyayenmu. Makarantar Lahadi awa ɗaya ce ko biyu a mako, sauran lokacin duka yaro yana hannunku. Minti goma bayan tuwon dare sun isa. A rera waƙa ɗaya, a tambayi yaro abin da ya ji a cikinta, a ba shi labarin da ta fito daga ciki, sa'an nan a yi addu'a a kwanta. Ko waƙa ɗaya ce a wata, a shekara an samu 12, kafin ya gama firamare yana da fiye da 70. Wannan guzuri ne da ba ya nauyi, kuma ba mai iya ƙwace masa shi. Ranar da zai tafi makarantar kwana, ko ya kwanta a gadon asibiti ba kowa kusa, ita ce za ta zo masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu kuma ɗalibai, kada mu ce wannan aikin manya ne. Ƙannenmu sun fi kwaikwayonmu bisa kowa. Waƙar da muke kunnawa a waya da hutu, ita za su rera gobe, ko mai kyau ko maras kyau. Wanda Allah ya ba murya ko basirar tsara kalmomi, ya taimaki malaman makarantar Lahadi, ya nuna wa fasto abin da ya tsara don a tabbata bai kauce wa koyarwa ba.

Akwai gargaɗi guda da ba zan bari ba. Muna zaune ne katanga ɗaya da maƙwabta Musulmi, muna shan ruwan famfo ɗaya. Kada a kuskura a koya wa yaro waƙar habaici ko zambo ga addinin wani, domin abin da aka zuba masa da sunan ibada da wuya ya fita. A kuma lura da lokacin sallarsu, a sassauta murya. Yaron da ake koya wa ƙaunar maƙwabci a waƙa, ya kamata ya ga ana yin ta a aikace.

Daga ƙarshe, ina fata kowane gida zai zaɓi waƙarsa ta farko tun cikin makon nan. Allah ya raya mana ƙannenmu, ya ba iyayenmu ƙarfin tarbiyyarsu, ya zaunar da garinmu lafiya. Amin.