NAKA SAI NAKA, AMMA MU ƘARASA MAGANAR



Akwai karin maganar da ba ta fita daga bakinmu a nan kudu: "Naka sai naka." Yaro ya yi rigima a tasha, a ce naka sai naka. Wani ya ci bashin mai gida ya gudu, a ɓoye shi a shago, a ce naka sai naka. To amma magabata ba a nan suka tsaya ba. Cewa suka yi: "Naka sai naka, daɗin zama sai bare."

Rabin farko gaskiya ne, mu ne shaida. Ranar da mutum ya kwanta ciwo a baƙon wuri, ko aka yi rasuwa ana neman likkafani, ɗan'uwa ne ke fara zuwa. Rabi na biyu kuwa yana tuna mana cewa zaman yau da gobe da bare ake yin sa, kuma yana daɗi ne saboda kowa na kiyaye iyakar kowa. A nan, baren shi ne mai gidan hayarmu, shi ne mai sayen tumatir da albasarmu, 'ya'yansa ne abokan karatun 'ya'yanmu. Wanda ya riƙe rabin farko ya yar da na biyu bai fahimci maganar ba.

Haka ma "wake ɗaya ke ɓata gari." Garin da ake nufi na niƙa ne: ƙwaya ɗaya mara kyau ta isa ta lalata kwano guda. Mu da ke zaune nesa da gida, har garin da muke ciki takan ɓata mana. In mutum ya yi laifi a Kano, sunansa ake kira. In ya yi a Legas ko Ibadan, sai a ce "Hausawa ne."

Ba mu manta da Mile 12 a watan Maris na 2016 ba, inda rigimar da ta taso daga hatsarin ɗan acaɓa ta kai ga asarar rayuka, har gwamnatin Legas ta rufe kasuwar. Ba mu manta da kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021 ba, inda saɓani tsakanin mutane ƙalilan ya zama ƙone-ƙonen shaguna da gidaje. Yawancin waɗanda suka yi asara, namu da nasu, ba su san hawa ba balle sauka.

Wani zai ce, ai sau da yawa mu ake zalunta, in muka fara faɗin laifin namu mun ba da ƙofa. Muna jin wannan, kuma ba mu ce a yi shiru in an taɓa ɗan'uwa ba. Sai dai maganarmu a gaban hukuma da sarakunan gari tana da nauyi ne idan an san ba ma kare mai laifi. Wanda ya saba cewa "namu ba ya laifi," ranar da yake da gaskiya ma ba mai sauraronsa.

Don haka idan dattijo ya tsawata wa yaronka a kasuwa, kada ka ɗauka ƙiyayya ce. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan saɓani ya taso, a kai shi gaban Sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwa tun yana ƙarami, kafin ya hau WhatsApp. Sabon zuwa kuma a zaunar da shi, a faɗa masa al'adun wurin da abin da mutanen gari ba sa so.

Son ɗan'uwa na gaskiya shi ne ka riƙe hannunsa kafin ya jawo wa kansa da mu duka.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.

Sakataren Ƙungiya