Yarjejeniya A Abuja, Jana'iza A Shinkafi

Wai shin wa ake yaudara ne? A 1998, a Abuja, shugabannin Afirka ta Yamma suka yi alkawarin dakatar da shigo da ƙananan makamai. A 2006 suka mayar da alkawarin yarjejeniya. A 2013 Nijeriya ta riga duk ƙasashen Afirka amincewa da yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Aka tafa, aka watse.

To, 'yan'uwa, ku tambayi direban da ke bin hanyar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi, ko manomin Zurmi da sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya girbe geronsa. Ai bindiga ba ta tsirowa a daji kamar sabara!

Kullum sai a ce daga Libiya suka kwararo bayan 2011. Amma rahoton babban mai binciken kuɗin gwamnatin tarayya na 2019 ya ce akwai bindigogin AK-47 har 88,078 da 'yan sanda suka kasa faɗin inda suke. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kowace bindiga da lambarta. Duk wadda aka ƙwato a Zamfara, a karanta wa jama'a lambarta, da ƙasar da ta ƙera ta, da rumbun da ta fito. Wanda ya ƙi, ku tambaye shi: wa yake rufa wa asiri?