Idon kare da ledar maganin Baba

1/ Jama'a, akwai binciken da ake yi wa dariya: a sa wa kare maganin barci, a ba shi maganin hawan jini, sannan a auna matsin ruwan cikin idonsa. Wani zai ce ina ruwan Gusau da idon kare? Ni kam na ce da ruwanmu.

2/ Timolol, maganin ɗigawa da ake ba masu hawan jinin ido tun 1978, dangi ɗaya ne da atenolol da propranolol da iyayenmu ke sha. Ɗigon ba ya tsayawa a ido, yana gangarawa ta hanci ya shiga jini, ya rage bugun zuciya. Mai asma kuwa yana iya shaƙe shi.

3/ Yanzu ku duba: tsoho daga Tsafe ko Bungudu yana sayen ƙwayar hawan jini a kyamis, ya zo Gusau a rubuta masa ɗigon ido, likita bai san da ƙwayar ba. Jiri ya fara ɗibarsa, gida a ce tsufa ne.

4/ Wani abin ma, atenolol kan sauke matsin ido. Awo zai iya nuna 10 zuwa 21, lafiya lau, alhali jijiyar ido na lalacewa.

5/ Don Allah in za ku raka Baba ganin likitan ido, ku ɗauki ledar magungunansa gaba ɗaya. Kada ya daina shan komai sai likita ya ce. In an ɗiga, ya danne kusurwar ido ta wajen hanci minti 2.